Jagora Ga Malamin Sa-Kai Mai Shirin Zuwa Makarantar Kurame a Gana

A ƙasar Gana akwai makarantun kurame na gwamnati sama da goma, kuma galibinsu na kwana ne. Akwai ta Mampong a kan tsaunukan Akuapem, da ta Cape Coast a bakin teku, da ta Wa can arewa maso yamma, da ta Savelugu mai nisan kimanin kilomita 25 arewa da Tamale. An daɗe baƙin malamai na zuwa waɗannan makarantu aikin sa-kai. 'Yan Peace Corps na Amurka, waɗanda Gana ce ƙasar farko da suka sauka a 1961, sun sha tura matasansu koyar da zane da aikin hannu a cikinsu. Malamin da ya taso a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya fi waɗancan sauƙin zama nesa ba kusa ba. Ya san zafin, ya san tuwon, kuma duk zangon da ya shiga zai sami mai amsa masa sallama da Hausa.

Sai dai wannan sauƙin shi ke ruɗin mutum. Hausarka za ta saya maka goro a kasuwar Tamale, ta samo maka ɗakin haya, amma da ka tsallaka ƙofar aji amfaninta ya ƙare. Turancinka ma haka. Yaran da ka zo dominsu da hannu da fuska suke magana, kuma a ranar farko ɗan aji biyu ya fi ka iya harshen da za ka koyar da shi. Duk shawarar da ke tafe a kan wannan aka gina ta, kuma ta shafi malam da malama baki ɗaya, ko da yake da “kai” zan yi ta magana.

Ta wace ƙofa za ka shiga

Ga ɗan Najeriya, ƙofar gwamnati ita ce shirin TAC da aka kafa a 1987 zamanin Janar Babangida, wanda ke tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da yankin Fasifik na tsawon shekara biyu. A wannan shiri ƙasar da za ta karɓa ce ke faɗin irin ƙwararrun da take so, saboda haka ba kai za ka zaɓi ƙasa ko makaranta ba. Akwai kuma VSO, ƙungiyar da aka kafa a Ingila a 1958, wadda yanzu take ɗaukar ƙwararru daga ƙasashen Afirka ma, sannan akwai shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda yake da makaranta takamaimai a ransa yana iya rubuta wa shugabanta kai tsaye, amma ya tabbata maganar ta bi ta ofishin ilimi na gunduma da sashen ilimi na musamman na hukumar ilimin Gana. Alkawarin baki na hedimasta ba takarda ba ne. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ka zama baƙon da babu wanda ya san da zuwansa.

Akwai kamfanonin da ke karɓar kuɗi su kai mutum “aikin sa-kai” na mako biyu ko uku. A ganina wannan yawon buɗe ido ne, kuma yara ne ke biyan kuɗinsa da lokacinsu. Mako uku ba ya isar mutum ya iya tambayar yaro sunansa ya kuma fahimci amsar. In ba za ka iya ba da shekarar karatu guda cikakka ba, gara ka tura kuɗin motarka a saya musu takarda da alli.

Kafin ka amsa, ka tambayi abin nan guda huɗu a rubuce: wane aji da wane darasi ake so ka riƙe, wane malami ɗan gida za ku yi aiki tare, ina za ka kwana, kuma wa zai koya maka maganar hannu. In makaranta ba ta da amsar ta biyu, ba ta shirya karɓar ka ba tukuna.

Batun takardu ba ya da tsawo. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardun shaidar koyarwa, takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, da wasiƙar gayyata. Kwana 90 da yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya na ziyara ne, don haka izinin zama da na aiki sai an nema a hukumar shige da fice ta Gana. Ka kuma yi allurar sanƙarau, domin arewacin Gana yana cikin yankin da cutar ke tashi da rani, kamar namu.

Harshen da za ka tarar

Sanƙarau ɗin nan da na ambata shi ne ya kurumtar da mutumin da ya kawo harshen da ake koyarwa da shi a makarantun. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan jihar Alabama ta Amurka, an haife shi a 1925, ya rasa jinsa yana ɗan shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet, a 1954. Ya zo Akra a 1957, shekarar da Gana ta sami 'yanci, ya buɗe makarantar kurame, wadda daga baya ta koma Mampong. A 1960 ya buɗe wata a Ibadan. Kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da talatin a ƙasashen Afirka, kuma duk inda ya je da maganar hannu ta Amurka yake koyarwa.

Ga amfanin wannan tarihi gare ka. Maganar hannu ta makarantun Gana da ta makarantun Najeriya tushensu ɗaya, kuma dukansu da hannu ɗaya ake rubuta baƙaƙe a iska, saɓanin ta Ingila mai amfani da hannu biyu. Malamin da ya yi aiki a makarantar kurame a Najeriya zai gane abubuwa da yawa tun makon farko. Amma an yi fiye da shekara sittin kowace na tafiya da ƙafarta. Alamomin abinci, da garuruwa, da dangantaka, da kuɗi, da zagi ma, Gana na da nata. Kada ka gyara wa yaro alama don ba haka ake yin ta a wurinku ba. Kai ne za ka sauya.

Ita kuwa maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda ake yi a kasuwanni da majalisun Kano tun kafin a buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki, harshe ne daban mai zaman kansa. Bajamushiya Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kansa a shekarar 2000. Gana ma tana da irin wannan: a ƙauyen Adamorobe da ke kusa da Aburi, inda kurumta ke bin jini, mutanen garin na da tasu maganar hannu da ba ta haɗa tushe da ta makaranta ba. Wanda ya iya ta Hausa ya ci riba babba, domin hannunsa da idonsa sun riga sun saba, amma ya sani sabon harshe zai koya.

Daga bakin kurma ake koyon wannan harshe, in ana iya cewa baki. Ka nemi babban kurma, malami ne ko mai kula da ɗakin kwana ko ɗan ƙungiyar kurame ta Gana da ke da rassa a yankuna, ku tsayar da awa guda kullum, kuma ka biya shi. Aikinsa ne, kuma zuwanka sa-kai bai sa shi ma ya zama ɗan sa-kai ba. Littafin alamomi da bidiyon waya na taimakawa wajen haddar kalmomi, amma ba sa koyar da jimla. Masu ji da yawa sun haddace alama ɗari biyar, suna jera su bisa tsarin Turanci, yara na kallon su kawai don ladabi.

Nahawun yana fuska. A wannan dangin harsuna, ɗage gira ke mayar da magana tambayar e ko a'a, haɗe gira kuma ke tafiya da tambayar wa, me, ina, yaushe. Girgiza kai ke kore magana. Girman abu da nisansa da saurinsa duk ana nuna su da kumatu da idanu da yadda hannu ya motsa. Nan ne malaminmu ke shan wahala, domin an tarbiyyantar da mu a kan kamun kai: babba ba ya yatsina fuska a gaban yara, kuma yaro mai kunya ba ya ƙura wa babba ido. A ajin kurame an juya waɗannan duka biyun. Malami mai daskararriyar fuska ba a gane maganarsa, kuma yaron da ya sunkuyar da kai ya daina jin ka. In ka ga yarinya ta zuba maka ido ba ta ƙiftawa, sauraro take yi.

Za su raɗa maka suna da hannu. Yawanci daga wata kama ta jikinka za su ɗauko shi, gemu ko hula ko wushirya ko tabon fuska. Ba kai ke zaɓa ba, kuma ba a jin haushi.

Ka kashe murya in kana aji. Yin magana da baki da hannu lokaci guda kan sa hannun ya riƙa tsallake kalmomi ba tare da ka sani ba, tunda kunnenka na jin cikakkiyar jimla. Haka kuma in kuna zaune da abokan aiki masu ji ga kurma a wurin, ku sa hannu cikin hirar. Barin mutum yana kallon leɓɓanku ana dariya bai san dalili ba, shi ne irin zaman da yawancinsu suka baro a gida.

Makonnin farko

Gaisuwa tukuna. Hedimasta da malamai, sannan iyayen ɗakin kwana, da masu girki, da maigadi, waɗanda sau da yawa sun fi kowa sanin wane yaro ne ba ya cin abinci. In a Savelugu ka sauka, ƙasar Dagomba ce, sai makaranta ta haɗa ka da wanda zai raka ka fada da goro. Ka koyi gaisuwar Dagbani ko da ta safe da ta yamma ce. Zango zai ja ka, ga masallaci ga mai shayi ga hira da Hausa, kuma babu laifi. Amma in duk yammacinka a can yake ƙarewa, harshen yara ba zai shiga hannunka ba, domin a filin ƙwallo da bakin famfo da layin abinci ake koyon sa fiye da cikin aji.

Mako uku ko huɗu na farko ka zauna a bayan aji kana kallo. Za ka ga abubuwan da ba su yi maka ba: aji mai yara fiye da kima, malamin da aka turo bai iya alama ko goma ba, darasin da duk kwafe ne daga allo. Ka rubuta a littafinka, ka yi shiru. Malamin da ka raina ya shekara goma a wurin da albashin da ba ya isa, kuma zai ci gaba da zama bayan ka tafi. Baƙo raɓa ne. Gyaran da bai bi ta hannun wannan malamin ba, da kai zai koma gida.

Cikin aji

Abu na farko da za ka gane shi ne shekarun yaro ba sa gaya maka inda yake. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma kaɗan ne daga iyayen suka iya maganar hannu. Sai a kawo yaro ɗan shekara tara ko goma sha biyu ajin farko ba ya da kowane harshe, in ban da 'yan alamomin gida na ci da sha da zo da tafi. Wani bai san yana da suna ba. A gefensa kuma ga wadda sanƙarau ko ƙyanda ta kurumtar tana shekara bakwai, ta riga ta iya Dagbani, tana ma iya furta kalmomi. Ga wani mai sauran ji kaɗan. Ga wani da bayan kurumtar yana da raunin gani ko farfaɗiya. Darasi ɗaya ba zai yi wa waɗannan huɗun ba. Ka buɗe wa kowane yaro shafi a littafi: yaushe ya rasa ji, da me yake magana a gida, me ya iya yau, me ake so ya iya kafin ƙarshen zangon karatu. Jinkirin yaro na farko rashin harshe ne ya jawo shi, kuma kuskure mafi muni da malami zai yi shi ne ya ɗauke shi mai taɓin ƙwaƙwalwa.

Ka jera kujeru kamar rabin da'ira, yadda kowa zai ga hannun kowa. In an jera su sahu-sahu, wanda ke baya ba ya ganin amsar na gaba, sai darasi ya koma hira tsakaninka da yaro ɗaya. Haske ya faɗo a fuskarka. Kada ka tsaya taga na bayanka, inuwa kawai za su gani. Riga mai launi ɗaya ta fi mai zane-zane, kuma babbar riga mai faɗin hannu a ajiye ta sai Juma'a. Malama mai hijabi ta zaɓi wanda ke barin hannuwa su fito sosai, fuska kuma a buɗe, tunda rabin maganar a nan take.

Yaro ido biyu gare shi amma wuri ɗaya yake kallo. Mai ji yana iya rubutu yana sauraron malami, kurma ba ya iyawa. Saboda haka komai bi da bi ake yin sa: ka nuna abin, ka dakata su kalla, ka jira idanu su dawo kanka, sannan ka yi bayani. In ka juya kana rubutu a allo, ka daina magana. In ka ce su kwafa, ka bari su gama. Wannan na cin lokaci, kuma darasin da ka saba gamawa cikin minti arba'in zai iya cin kwana biyu. Ka rage yawan abin da za ka koyar tun a takardar shiri.

Kiran hankali kuma da ɗaga hannu ne, ko taɓa kafaɗa a hankali, ko buga tebur su ji motsin, ko kunna fitila da kashewa in akwai wuta. Ba a jifan yaro da alli, ba a kamo haɓarsa a juyo da fuskarsa.

A ce rabi da kwata za ka koyar. Ka shigo da lemo da wuƙa. Ka yanka biyu a gabansu, ka ba yara biyu, ka yi alamar rabi. Ka sa wani ya yanka nasa, in ya yanka ɓangare ɗaya ya fi girma ka tambayi ajin ko sun yarda, za ka ga gardama ta tashi, kuma gardamar ita ce darasin. Bayan nan a zana a allo, sannan a rubuta lambar, sannan kalmar Turanci, sannan a rubuta ta da yatsu. Abu, alama, hoto, rubutu: wannan jerin shi ne ƙashin bayan koyar da kurame, daga lissafi har kimiyya. Malamin da ya fara daga rubutu ya fara daga ƙarshe.

Karatu da rubutu su ne dutsen da ya fi wuyar hawa. Ana neman yaro ya karanta Turancin da bai taɓa ji ba, kuma hanyar koyar da karatu ta sautin baƙaƙe, wadda aka horar da yawancinmu a kai, ba ta da amfani ga wanda ba ya jin sauti. Abin da ke aiki shi ne a fara ba da labarin gaba ɗaya da hannu har su fahimta, su maimaita shi, su yi wasan kwaikwayonsa, sannan a kawo rubutun a riƙa haɗa jimla da abin da suka riga suka sani. Ka liƙa sunan komai a jikinsa: ƙofa, taga, bokiti, tsintsiya. Ka sa su rubuta abin da ya faru jiya a makaranta, ko da layi biyu ne. Rubutun zai zo da tsarin maganar hannu, ba ƙananan kalmomin da Turanci ke cike da su. Kada ka cika shafin da jan biro. Ka zaɓi abu ɗaya ka gyara a mako.

Ka yi hattara da kyawun rubutu. Yara da yawa sun ƙware wajen kwafe allo tsaf ba tare da sun gane kalma ɗaya ba, sun kuma koyi gyaɗa kai duk sanda malami ya tambaya ko an gane. Ka daina wannan tambayar. Ka ce yaro ya fito ya bayyana wa 'yan'uwansa, ko ya nuna, ko ya zana. Waɗanda suka kai ƙarshen ƙaramar sakandare za su zauna jarrabawar BECE da Turanci kamar kowa, kuma babbar sakandaren kurame da aka sani tana Mampong, guraben ba su da yawa. Shi ya sa ɗinki da saƙa da kafinta da aikin fata ba darussan cike lokaci ba ne a nan. In kana da sana'ar hannu, ka faɗa tun a wasiƙarka ta farko.

Kayan koyarwa kuwa ka yi su da abin da ke garin: kwali, murfin kwalba, tsakuwa, buhun siminti, tsohuwar kalanda. Abin da ka yi da kwali, abokin aikinka zai iya sake yin sa baɗi.

Kyauta da na'urar ji

Da mutanen gida sun ji inda za ka, wani zai ce a tara kuɗi a sayi na'urorin ji. Ka tsaya ka yi tunani. Na'urar ji ba kamar tabarau na kasuwa ba ce. Sai ƙwararre ya auna jin yaron, a saita ta daidai da shi, a yi masa abin toshe kunne na ƙirar kunnensa, wanda kuma sai an sake shi in ya girma. Batirinta mako ɗaya zuwa uku yake yi gwargwadon girmansa, kuma da an ɓare 'yar takardar da ke bayansa ya fara ƙarewa ko ba a sa shi ba. Ƙurar hunturu da gumi na kashe ta. Ga yaron da jinsa ya tafi gaba ɗaya kuwa, amfaninta kaɗan ne. In babu wanda zai ɗauki nauyin batiri da gyara na shekaru, a durowar ofis za ta ƙare.

Fitilar sola a ɗakin kwana da ajin karatun dare ta fi ta amfani sau da yawa. In duhu ya yi, kurame ba sa iya hira, ba sa iya kiran taimako. Ka tambayi makaranta abin da take buƙata, ka tambayi manyan ɗalibai ma, kuma duk kuɗin da aka turo ya shiga ta asusun makaranta da rasiɗi. Kada ka ware yaro ɗaya ka riƙa yi masa kyauta.

Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa asibiti za a kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take, kuma ciwon kunnen da aka yi sakaci da shi yana iya cinye ɗan sauran jin da ya rage.

Amanar yara

Wannan sashe ba na wasa ba ne. Yaron da ba ya da kalmar da zai faɗi abin da aka yi masa shi mugu ke nema, kuma makarantar kwana nesa da iyaye na ƙara haɗarin. Kada ka keɓe da ɗalibi a ɗaki rufe, kada ka kira su gidanka aike ko wanki. Tunda taɓawa na cikin hanyar kiran hankali, ka tsaya a kafaɗa da hannu. Ka san tun makon farko wa ake kai wa rahoto a makarantar, kuma in yaro ya gaya maka wani abu, ka rubuta yadda ya faɗa, ka kai ranar. In wanda ake zargi shi ne mai karɓar rahoton, akwai ofishin ilimi na gunduma da ofishin jin daɗin jama'a. Hukumar ilimin Gana ta hana duka a makarantu, saboda haka bulala ba ta cikin kayan aikinka ko da ka ga wani na riƙe da ita.

Hoton yara kuma ba naka ba ne. Ba ka sa su a Facebook sai da izinin makaranta da na iyaye, kuma ko da izinin, ka dubi hoton ka tambayi kanka ko za ka so a nuna ɗanka haka don a tara kuɗi.

Iyaye

A nan ne Hausarka za ta dawo da amfani. Ranar ziyara da ranar hutu za ka ga uba ya zo ɗaukar 'yarsa, sun tsaya suna kallon juna, shi ba alama ita ba murya. A arewacin Gana da zangunan kudu iyaye da yawa na jin Hausa. Ka nemi izini ku riƙa zama da su rabin awa, kai da malami kurma, a koya musu alamomi ashirin na gida: yunwa, ciwo, ina, wa, gobe, makaranta, na gode. A ba su takarda mai hotuna su tafi da ita. Ka roƙe su su dawo da yara ranar da aka koma, kuma in akwai ƙaramin kurma a unguwarsu a kawo shi da wuri, kada a jira ya girma.

Foster ɗan mishan ne, kuma har yau wasu iyaye Musulmi na ɗari-ɗari da makarantun kurame saboda wannan asali, ko da yake na gwamnati ne. Ganin malami Musulmi a ciki na kwantar musu da hankali. In makaranta da iyaye sun nema, kana iya nuna wa yaransu alwala da salla, abin da da yawa suke yi da kwaikwayo ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Iyakarka ke nan. Ajin ya haɗa 'ya'yan Kirista da na Musulmi, kuma koyarwa aka gayyace ka.

Shirin tafiya

Tun watan farko ake fara shi. Kowane darasi ku shirya shi tare da abokin aikinka, ku riƙa karɓa-karɓa, yadda zuwa zangon ƙarshe shi ke gaba kai kana gefe. In akwai kurma mai taimakawa a aji, ka ba shi allo ya koyar, domin yara su ga irinsu a tsaye a gaban aji, kuma ka faɗa wa hedimasta ƙwazonsa a rubuce. Kada ka fara wani shiri da sai da kwamfutarka ko aljihunka zai tafi.

Wata guda kafin ranar, ka zana kalanda a allo ka nuna wa yara ranar da za ka tafi, ana soke kwana ɗaya-ɗaya. Da yawansu an taɓa kawo su makaranta an juya ba a yi musu bayani ba, kada kai ma ka ɓace haka. Kada ka yi alkawarin dawowa ko turo waya in ba ka da tabbas. Littafin nan mai shafin kowane yaro, da takardun darasi, da kayan kwali, ka miƙa su ga abokin aikinka a gaban hedimasta, ka bar kwafin rahotonka a ofishin ilimi na gunduma domin wanda zai zo bayanka.

In ka dawo gida, kada ka bar hannun ya kwanta. Ka je makarantar kurame mafi kusa da kai, ko reshen ƙungiyar kurame na jiharku, ka gabatar da kanka. Su ma suna neman malamin da ya iya magana da ɗalibansa, kuma wannan karon ba ka buƙatar fasfo.